Laraba: ƙarin da ke cikin kan yarinyar nan

Yau tun safe ban zauna ba, amma abu ɗaya ne ya tsaya min a rai har yanzu da nake rubutun nan bayan isha'i. Wajen sha ɗaya aka turo mana wata yarinya 'yar shekara 19 mai sikila, wata uku kenan kai na damunta, shekaranjiya kuma ta yi jijjiga a gida. Muka sa ta a MRI, sai ga wani ƙari kwance a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ta gefen dama, da aka yi mata allurar ruwan hoto duk ya haska. Ni dai nan take na ce meninjiyoma ne, wato ƙarin da ke tsirowa daga wannan tantanin, har na fara buga rahoto.

Sai ga ogarmu ta shigo, ta tsaya a bayana ta ɗan jima, ta ce "ɗana, ka duba ƙashin kuwa?" Wallahi ban duba ba. Da muka koma, ƙoƙon kan ya yi kauri sosai, ɓargon da ke tsakanin ɓawon waje da na ciki ya buɗe, ga wani ƙaramin ƙarin a hagu da idona ya tsallake, kuma a T2, wani salon hoton MRI, duka biyun duhu suka yi. Ta ce meninjiyoma ai yawanci na manyan mata ne, wannan kuwa yarinya ce da jininta bai taɓa isarta ba tun haihuwa, to ka fara tunani daga nan.

Jan jinin mai lafiya yana kai kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ya mutu, shi ya sa ɓargo, wanda shi ke yin jini, ba ya hutawa, in ya kasa sai jiki ya koma yin jini a wani wurin, galibi hanta da saifa da gefen ƙashin baya a ƙirji. Amma cikin kai? Da wuya ƙwarai, ko a littafi ma an fi ganinsa wurin masu talasimiya (wani ciwon jini na gado) da masu ciwon da ɓargo ke ƙeƙashewa. Shi ya sa ba mu yanke ba, a jerin abin da muke zargi mun rubuta naman da ke yin jini a wajen ɓargo a sama, meninjiyoma da limfoma (dajin kaluluwa) a ƙasa. Taruwar jini ma mun yi tunaninta tunda takan sami masu sikila, amma jinin da ya taru ba ya shan ruwan hoto haka.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne, da rahotona ya fita yadda na fara shi, ƙila tiyata za a nufa da ita, kuma irin wannan naman yana zubar da jini sosai in an taɓa shi, ga ta da ma jinin babu. Alhali in shi ne, ƙarin jini da maganin haidroksiyuriya ko ɗan gashi kaɗan da hasken na'ura na iya sa ya motse. Akwai hoton nukiliya da ke nuna inda ɓargo yake, shi zai ƙara tabbatar mana, sai dai sai an je Abuja ko Ibadan.

Mamanta ta tare ni a baranda, "likita, daji ne?" Na ce Mama ba mu ga alamar hakan ƙarara ba, amma ba mu gama ba, ki ba mu zuwa gobe mu zauna da likitocin jini. Ta yi shiru, ta ce Allah ya sa mu ji alheri. Na roƙe ta ta zo da duk tsofaffin hotunan ƙirjin yarinyar, ina so in duba gefen ƙashin bayan nan da kaina.