Yaron da ba ya barci sai a hannu

Matsalar ba ta fito fili ba sai da na gama arba'in na koma ɗakina. A gida hannuwa sun yi yawa, in Inna ta gaji ƙanwata ta karɓa, ba wanda ya lura yaron nan bai taɓa barcin kirki a katifa ba. Da na dawo sai ni kaɗai. Zai yi laƙwas a ƙirjina, ina ajiye shi ya ware hannuwa a firgice ya tsala ihu.

Kowa hukuncinsa ɗaya: "Ai kin saba masa da hannu." Wata maƙwabciya har cewa ta yi in ɗiga masa maganin mura, zai kai safe. Na ce a'a, jariri ba abin gwaji ba ne. Maigida kuma ya ce laifin gado ne, ya je ya sayo lilo mai batir da kiɗa, kuɗinsa ya fi na buhun shinkafa. Yaro ya ƙi shi ƙememe. Yanzu kayan wanki nake jibgewa a ciki, kuma duk sanda na gan shi sai raina ya sosu.

Ranar allurar sati goma wata nas ta ga idona, ta ce, "Maman yaro, in ya yi barci minti nawa kike jira kafin ki ajiye shi?" Na ce wane jira, ni da nake neman tsira? Ta yi dariya. Ta ce jariri ba ya faɗawa barci mai nauyi kai tsaye. Da farko sama-sama ne, ido na motsi a rufe, baki na tsotso, yana ɗan murmushi. Duk wadda ta ajiye shi a lokacin, ita ta tashe shi. A jira ya saki jiki, har in an ɗaga hannunsa ya faɗo da kansa. Waccan firgitar kuwa halitta ce, takan gushe wajen wata 4 zuwa 6.

Daga baya na ci karo da binciken cibiyar RIKEN ta Japan na 2022, ƙarƙashin Kumi Kuroda: a riƙe jariri mai kuka ana tafiya minti 5, a zauna da shi minti 5 zuwa 8, sannan a kwantar. Abin da ya ba ni mamaki, sun gano ba taɓa katifa da bayansa ne ya fi tashinsa ba, rabuwar jikinsa da na uwa ne. Mu muna can muna canja gado, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Ina ma kafin sayen lilon nan muka ji!

Sai na koma sunkuyawa tare da shi, ƙirjina manne da nasa, mazaunai su fara sauka, kai ya biyo. Ba na ɗagowa nan take. In zare jiki a hankali, tafin hannuna na kan ƙirjinsa har numfashinsa ya daidaita. Bayana ya ji jiki, amma na samu barci.

Inna ta ce in kife shi, ya fi daɗewa. Gaskiya ya fi daɗewa, sai dai likitoci sun hana saboda haɗarin mutuwar jarirai cikin barci. A rigingine, shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Kuma kada gyangyaɗi ya ɗauke ki a kujera yana hannunki.

Da rana ban wahalar da kaina, goya shi nake in ci gaba da aikina. Daren da aka yi masa allura ko yake mura kuwa, dabarar ba ta ci, sai mu yi karɓa-karɓa ni da babansa har asuba.