Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Furojet ɗin Garamond

Baffa, Allah Ya jiƙansa, da ya ƙarar da ƙarfinsa yana jera haruffan dalma a maɗaba'a, ba ya yarda da sunan da aka liƙa wa harafi. Kullum maganarsa ɗaya ce: gani ya kori ji. Furojet ɗina na aji uku a kan Garamond, wani salon haruffan bugu, ya tsaya ne kan wannan magana, kuma har yau ina jin zafin jan biron da wani malami ya zizara a shafin da na ce Garamond ɗin da ke cikin kwamfutarsa ba daga hannun Garamond ya fito ba.

Ai kuwa ba daga hannunsa ba ne. Claude Garamond mutumin Faris ne mai sassaƙa haruffan bugu, ya rasu a 1561. Haruffan da maɗaba'ar gwamnatin Faransa ta adana da sunansa, waɗanda kamfanin haruffa na Amurka, ATF, ya kwaikwaya a 1917, kamfanin Monotype ya bi sahu a 1922, na Jean Jannon ne na garin Sedan, wanda ya buga takardar samfurin haruffansa a 1621, shekara 60 bayan rasuwar Garamond. Beatrice Warde ce ta tona asirin a 1926 cikin mujallar The Fleuron, ta sa hannu da sunan aro, Paul Beaujon. Na Monotype ɗin nan shi ne ya shigo Microsoft Office.

Ɗalibai na yanzu, 'ya'yan Yaya ma har da su, sai su kwafo tarihi daga intanet su manna. To ga yadda ake gane asalin harafi. Ka fara neman takardar samfuri mafi tsufa. Ta Garamond da aka fi sani ita ce ta kamfanin haruffa na Egenolff-Berner, Frankfurt, 1592. Ka samo hotonta mai kaifi, ka ƙara girman a, e, g, m da n, ka buga su, ka ɗora a kan na kwamfuta a jikin gilashin taga. Dubi 'yan ƙahonnin saman m da n: na Jannon sun fi karkata da tsini. Kada ka gwada manyan haruffan take da ƙananan na cikin littafi, domin a zamanin dalma kowane girma daban ake sassaƙa shi. Tawada kuma tana bazuwa a takarda, sai harafi ya yi kauri fiye da yadda yake a ƙarfe. Mai son wanda ya fi kusa da asali ya duba Adobe Garamond na Robert Slimbach, 1989, wanda ya je gidan tarihi na Plantin-Moretus a Antwerp ya ga kayan da idonsa.

Gani ya kori ji, in ji Baffa. Malamin nan bai taɓa ɗaga takarda a taga ba, maki kuma bai mayar mini ba. Mako mai zuwa sai maganar auren Inna ƙarama, wanda ya faɗo tsakiyar jarrabawa.