Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tiyar Baba Malam

Makon jiya na tsaya a kan haihuwar Abba, na ce yau zan ba da labarin ranar suna. To zan bayar, amma ba zai yiwu ba sai na fara da mai sunan.

Ban taɓa ganin surukina ba. Ya rasu da damina a 1984, ni kuwa aka kawo ni gidan a 1991. Ko hotonsa babu, sai wani ɗan ƙarami na katin haraji wanda ruwa ya ci rabin fuskar. Kabarinsa ma ban sani ba, tunda mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Amma sunansa har yau bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Baba Malam muke cewa. Ɗana na fari shi aka mayar wa, shi ya sa ya zama Abba, har a asibiti in an tambaye ni sunan yaro sai na miƙa kati.

Ranar sunan ne, a 1993, Gwaggo ta faɗi maganar da har gobe ba ta bar kunnena ba. Ina zaune a ɗaki ana ta shigowa barka, wata ta ce Malam ya dawo, sai ƙwalla ta zubo mini. Ni kaina ban san dalili ba. Gwaggo ta dube ni a gaban dangina ta ce, "Ke kuma kukan me? Inuwa kika tarar, ba ki san wanda ya dasa itacen ba." Aka yi dariya. Ƙanwar Baba Malam ce uwa ɗaya uba ɗaya, ban isa in ce komai ba, na sunkuyar da kai.

Hatsi yake sayarwa. Gero, dawa, wake, yana da rumfa a kasuwar Daura, ranar Lahadi kuma ya tafi Mai'adua. Abin da na sani game da shi a bakin Inna na tsinta, uwar maigidana, kuma ba zama take yi ta ba ni labari ba, sai dai a bakin murhu magana ta kuɓuce mata. In na cika gishiri ta ce da Malam na nan da ya ture kwanon. In na auna tsaba na shafe bakin tiya da hannu ta ce a'a, toza, Malam cewa yake tiya ba ta ƙarya, hannu ne ke yi. Tiyar tasa ce ma muke awo da ita a gidan, bakinta ya lotse ta gefe guda.

Kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Inna da kanta ta ce mutum ne mai zafi, in ya yi sallama a zaure yara ɓuya suke. Da aka zo da karatun firamare kyauta a 1976 ana bi gida gida ana rubuta yara, ya bar maza suka tafi, mata ya ce ko da wasa. Yayar maigidana har yanzu in za ta duba lambar waya sai ta kira jika, kuma in an ambaci wannan zance shiru take yi. Ni da a gabansa aka kawo ni, wataƙila da ban yi aikin koyarwar da na yi shekara 26 ba. Ina yawan tunanin haka. Wataƙila kuma da mun shirya.

Inna ta rasu a 2007, watanni kaɗan bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Shekarun da ke tsakani ba na son tona su yanzu, akwai maganar gonar hanyar Zango da aka sayar, wannan kashi ne mai zaman kansa. Kwana biyu kafin ta cika ta sa na sauke mata kwallayenta na ƙasan gado, ta ciro wani littafi a ƙunshe cikin tsumma ta ba ni. Ta ce na Malam ne, 'ya'yansa boko suka yi, ba mai duba shi. Da ajami aka rubuta. Ni kuwa kafin boko allo na fara a gidanmu, har na yi nisa.

Littafin bashi ne. Mafi yawansa na lokacin farin 1973 da shekarar da ta biyo, sa'ad da mutane suka yi ta gangarowa daga ƙasar Damagaram dabbobinsu sun ƙare. Suna, gari, tiya kaza. Wasu an ja layi a kai, wasu ya rubuta "na yafe" a gefe da ɗan ƙaramin rubutu kamar mai jin kunya. Wasu kuwa bai yafe ba, har da alamar da na fahimci ta fushi ce, layi biyu a ƙarƙashin suna. Na kwana uku ina karantawa da fitila bayan yara sun yi barci. A nan na fara jin muryarsa, in dai ana jin muryar mutum a rubutu.

A shafin ƙarshe ya rubuta "ana bi na", da sunan wani mutum na wani ƙauye bayan Kongolam, a tsallaken iyakar Nijar, gero tiya 40.

Na yi lissafi jikina ya yi sanyi. A 1984 ne gwamnatin Buhari ta soja ta canza launin kuɗi ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. A wurin jana'iza liman ya yi cigiya, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, amma mai bashin yana tsallake, ko labarin rasuwar bai ji ba. Aka raba gado, aka yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Shekara 23 bawan Allah yana kwance da bashi a wuyansa.

Na nuna wa maigidan. Ya ce, "Maman Abba, ina za mu ga mutumin nan yanzu?" Ya faɗa wa 'yan uwansa, babbansu ya ce a ƙiyasta da kuɗin wancan lokaci a yi sadaka. Kuɗin wancan lokaci! Da ko tiya ɗaya ba zai saya ba. Gwaggo kuwa ta aiko a ce mini matar gida ba ta shiga maganar gado. Inuwa na tarar.

Ƙanena na tura Mai'adua, Lahadi huɗu a jere yana bin 'yan hatsi na Nijar yana tambaya, har aka kai shi ga ɗan mutumin. Uban ya daɗe da rasuwa, su ma ba su san da bashin ba. Na ɗauki adashina na sayi gero, gero ya karɓa gero za a mayar. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na auna da tiyarsa, arba'in cif, kowace na toza ta. Abba, yana ɗan shekara 14 a lokacin, shi ya riƙe mini bakin buhu, shi ya raka kawunsa kai wa. Suka dawo da ƙwaryar dabino da saƙon cewa sun yafe jinkirin.

Gwaggo ba ta taɓa ce mini sannu ba har ta koma ga Allah. Allah ya ji ƙanta, na yafe, ko da yake ga shi na rubuta. Abu ɗaya dai, a ciwonta na ƙarshe da na kai mata kunu ta tambaye ni ko tiyar nan na nan. Na ce tana nan, Gwaggo. Ta ce kada in bari a kai ta wajen maƙeri a gyara lotsewar, garin korar akuya ya yi ta.

Ranar sunan kuma, ga shi ban ƙarasa ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, da rigimar ragon da aka yi da dangin babana.