Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Ba nonona ba ne

Makon jiya na tsaya a inda aka yi suna na koma wankan jego gidanmu a Daura. Yaron na da kwana 23 ya fara amai. Inna ta ce tumbuɗi ne, kowane jariri yana yi. To amma tumbuɗi ta gefen baki yake gangarowa. Wannan kuwa yana sakin nono sai ya feso shi da ƙarfi, daga bakin gado har jikin bango. Fari tas, babu kore ko ɗigo. Yana gamawa ya hau laluben nono yana tsala kuka kamar bai sha komai ba.

Sai aka fara cewa nonona ne ya ɓaci. Maganar nan ta ci mini rai fiye da komai. Ga shi ɗan fari, kunya ta hana ni kuka gaban mutane. Sai dare ya raba nake shafa maɗigarsa da ta faɗa, in taɓa tsummansa in ji shi a bushe ƙamas, ba fitsari.

Babansa ne ya dage muka tafi asibiti Katsina. Likita ya sa na ba shi nono, ya zuba wa cikinsa ido. Wallahi da idona na ga wani abu yana birgima ƙarƙashin fata daga hagu zuwa dama. Ya danna saman cibiya, ya ce ya ji ɗan ƙullutu kamar dabino. Hoton ciki ya tabbatar: tsokar ƙofar da abinci ke bi daga tumbi zuwa hanji ce ta yi kauri ta toshe hanya. Ya ce an fi ganinsa ga 'ya'ya maza, musamman na fari, tsakanin mako 2 zuwa 8.

"Maman yaro, nononki lafiyarsa ƙalau," in ji shi. Nan hawayen da nake ɓoyewa suka ɓalle.

Ba a shiga tiyata ranar ba. Kwana biyu ana ƙarin ruwa, don aman ya kwashe gishirin jininsa. Shi kuwa aikin tiyatar, tun 1912 ake yin irinsa: a tsaga tsokar kawai, hanya ta buɗe.

Washegarin aiki ya sha nono, muka zauna jugum muna jiran aman. Shiru. Inna ta zare mayafin da ta tara a cinya, ta ce, "Ƙara masa."

Yadda muka ƙare da dangin babansa kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.