Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rabon Mai Fiffike

A makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar Baffa, to amma kafin in shiga batun rabon gado sai na koma kan wata magana da ya riƙa nanata mana, domin ita ce tushen saɓanina da Yaya har gobe. Cewa yake yi fadama ta mutum huɗu ce: mai fartanya, da mai sanda, da mai koma, da mai fiffike. Idan ambaliyar kogin Haɗeja ta janye sai mu shuka wake a danshin da ta bari, bayan girbi Fulani su shigo shanunsu su bar mana taki, masunta su bi kududdufai, dinya da kirinjijiya da gauraka kuwa su tsinci abin da ya zube. Saboda rabon mai fiffike ne Baffa bai taɓa yarda an nome bakin tafkinmu ba, kuma babu wanda ya isa ya sa gatari a gorubarsa.

Yaya dai gani yake wannan tsufa ne kawai. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a shekarar 1987, kowa a yankinmu ya nemi injin ban-ruwa don noman alkama, shi kuwa ko arba'in ɗin Baffa bai jira ba ya sare gorubar nan, ya nome har cikin laka, ya toshe burtalin da shanu ke bi. Ranar da ya wanke tankin feshinsa a tafki ina tsaye a wurin, washegari tarwaɗa da karfasa suka taso ciki a sama, zalɓe biyu suna kwance a cikin ciyawa. Na tuna masa da maganar Baffa, ya ce mai fiffike ba ya biyan haraji. Haka ya yi ta dariya a 1989 da aka ce Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa da ke jihar Yobe ta yanzu, don kallon tsuntsayen da mu muke kora da gwangwani.

Ba zan ɗora masa dukkan laifin ba, ko da yake yana da kaso mai tsoka. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliya ta daina zuwa yadda muka santa, ruwa ya koma kwanciya a magudanai rani da damina, kachala, wato doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe. A cikin kachalar nan jan-baki yake kwana, kuma shi ne ya cinye shinkafar Yaya a shekarar da ya aurar da 'yarsa ta fari. Gauraka kam jikokina ba su san kukanta ba.

Abin da ya kai mu gaban Bulama shi ne ɗan yankin bakin tafkin da ya faɗo a rabona, wanda na ƙi nomewa, Yaya kuma ya ce tunda na bar shi ga tsuntsaye to ba ni da bukatarsa. Yadda zaman ya kaya, da abin da Inna ta faɗa a gaban mutane, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.