Kafin Ka Ajiye Aiki Ka Buɗe Naka Kamfanin

A makon jiya, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, ina so ka duba mini wannan takarda kafin in miƙa ta." Takardar ajiye aiki ce. Watansa 11 ke nan a wani ƙaramin kamfanin ba da shawara kan harkokin gudanarwa, wanda ya ɗauke shi bayan ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi hidimar ƙasa. Dalilinsa shi ne wani mai injin casar shinkafa da suka yi wa aiki ya ja shi gefe, ya ce masa in ya buɗe nasa kamfanin zai riƙa ba shi aikin kai tsaye, a rabin kuɗin da maigidansa ke karɓa. Har ya riga ya yi rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020 mutum ɗaya tilo yana iya kafa ƙaramin kamfani, kuma ya buga kati mai ɗauke da sunansa a matsayin shugaba. Na karanta takardar sau biyu na kasa ce masa komai a daren, saboda irinta na rubuta da hannuna shekaru fiye da goma da suka wuce.

Ni ma ƙaramin kamfani ne ya ɗauke ni, mai ma'aikata bakwai, a wani bene da ke kan titin IBB. Ban manta ranar ganawar ɗaukar aikin ba. Na je da takardun shaida cike da jaka, amma mai kamfanin bai buɗe ko ɗaya ba. Littafin cinikin wani gidan burodi ya ajiye a gabana, ya ce yana so nan da awa biyu in gaya masa a shafi ɗaya dalilin da ya sa gidan ke sayar da kaya da yawa amma kullum babu kuɗi a aljihun tebur. Na gano cewa masu sari suna ɗaukar burodi bashi na makonni, alhali mai fulawa kuɗi hannu yake karɓa. Ya karanta, ya gyara mini jimloli uku da jan biro, ya ce in fara ranar Litinin. Daga baya na fahimci cewa haka yake ɗaukar kowa, domin kamfani mai mutum bakwai ba ya iya ɗaukar wanda za a riƙa yi wa aikinsa. Manyan kamfanonin wannan sana'a, irin su McKinsey da aka kafa a Amurka a 1926, ko Deloitte da KPMG da PwC masu ofisoshi a Legas, suna ɗaukar matasa da yawa a lokaci guda, su horar da su, su sallami wanda bai ci gaba ba. A ƙaramin kamfani kuwa kuskuren ɗaukar mutum ɗaya yana iya cinye ribar shekara.

Shekara uku na yi a ƙarƙashin wannan bawan Allah. Na zaga Funtua da Malumfashi da Daura da Jibiya ina tambayar ma'aikata da 'yan kasuwa, ina tattara alƙaluma, ina kwana a kan rahoto. Shi kuma sai ya sa hannu, ya je ya gabatar, a yaba masa. Wannan ne ya fara ci mini rai. Na taɓa ganin kuɗin wata kwangila da ni na yi kusan dukan aikinta, na auna da albashina na wata uku, sai na ji kamar ana yi mini fashi da rana tsaka. Har yau ba zan ce fushin nan ba shi da tushe ba. Albashin ya yi kaɗan ƙwarai, ban taɓa samun takardar ɗaukar aiki a rubuce ba, ba a kuma taɓa zuba mini ko kwabo a asusun fansho ba. Ina da mata da jariri, ga haya, ga iyaye a gida. Wanda bai taɓa kai ƙarshen wata da bashin mai shago a wuyansa ba, shi ne zai yi saurin kiran abin da na yi butulci.

Amma akwai abin da ban sani ba, ko in ce ban so in sani ba. Kuɗin kwangilar da na gani ba riba ba ce. Daga cikinsa ake cire haraji tun kafin ya iso, daga cikinsa ake biyan hayar ofis da man janareta da mota, kuma daga cikinsa ake biyan albashin mutum bakwai a watannin da babu aiki ko ɗaya, waɗanda a wasu shekarun sun fi watannin aiki yawa. Ban taɓa lissafa takardun neman kwangila da muka kwana muna rubutawa ba a ba mu ba. Abin da irin wannan kamfani ke sayarwa shi ne kwanakin ma'aikatansa, kuma ranar da ta wuce ba a sayar ba ta tafi ke nan, ba kamar buhun gero ba ne da za a ajiye a rumbu a jira tsada. Maigidana bai taɓa zaunar da ni ya bayyana mini wannan ba, kuma ina ganin laifinsa a nan. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Sai wani babban ma'aikaci a wata hukuma da muke yi wa aiki ya yi mini irin maganar da aka yi wa ɗan ƙanwata. Na ajiye aiki a tsakiyar wata kwangila, na tafi da kwafin dukan rahotanninmu a kwamfutata, na kuma janye ɗaya daga cikin abokan aikina. A lokacin na gaya wa kaina cewa gumina ne na ɗauka. Yau na san sunan abin shi ne cin amana, kuma shi ne ɓangaren labarin da ya fi yi mini nauyin faɗa.

Aikin farko ya zo, an ba ni kuɗin kafin alƙalami, na kama ofis, na sayi kujeru masu juyawa. Daga nan na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko tsada. Ni da aka ɗauka da littafin gidan burodi, sai ga shi na ɗauki mutum biyar ba tare da na gwada ko ɗaya ba: ɗan baffana, ƙanen matata, ɗan wani malaminmu, da wasu biyu da mutumin hukumar nan ya turo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin a ce ni ma ina ba mutane aiki. Kuma a Katsina, wanda ya samu ya ƙi jan 'yan'uwansa kowa ya san abin da za a ce game da shi a zauren gida. Sai dai cikin biyar ɗin mutum ɗaya ne ke iya rubuta sakin layi mai ma'ana, babu kuma wanda zan iya tsawatar wa ba tare da maganar ta isa kunnen mahaifiyata ba. Na koma ina yin aikin mutum shida ni kaɗai, ina biyan albashin shida.

A tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai tana sama da dala 100, zuwa farkon 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi, tattalin arzikin ƙasa ya shiga karaya a 2016, kuma abu na farko da kowace hukuma da kowane ɗan kasuwa ya daina biya shi ne kuɗin masu ba da shawara. Mutumin da ya yi mini alkawari aka canza masa wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san ni ba. Na nemi kwangila a wasu wuraren, aka nemi shaidar biyan haraji ta shekara uku da jerin ayyukan da kamfanina ya taɓa kammalawa, kamar yadda aka saba nema tun bayan dokar sayen kayan gwamnati ta 2007. Duk ayyukan da nake taƙama da su da sunan kamfanin maigidana aka yi su. A nan na gane cewa mutanen da suke yi mini fara'a a da, sunansa suke yi wa, sunan da ya yi shekara ashirin yana ginawa. Na daɗe ina cewa faɗuwar farashin mai ce ta rufe kamfanina, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma shi ma maigidana farashin ya faɗo masa, bai rufe ba.

Na sayar da kujerun, na sallami 'yan'uwa, har yau akwai wanda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Na koma neman aiki ina da shekara fiye da talatin, kuma masu wannan sana'a a Katsina da Kano da Kaduna duk sun san juna, labarin rahotannin da na kwasa ya riga ni isa ko'ina. Wata 14 na yi a zaune kafin wani ya yarda ya gwada ni.

Yanzu ni ne ke zama a teburin ganawa a kamfanin da nake, kuma abin da nake gani yana ɓata mini rai. Matashi zai turo takardar tarihin karatunsa da aikinsa wadda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa, Turanci kamar na littafi, amma in ka ba shi biro ka ce ya bayyana matsalar shagon mahaifinsa a shafi ɗaya, sai ya riƙa kallon rufi. Kowa ya rubuta cewa ya ƙware a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, in aka buɗe masa kuwa ba ya iya fitar da kashi nawa cikin ɗari ciniki ya ragu. Tambayar farko nawa ne albashi, ta biyu yaushe za a ba shi muƙami. Wasu ma iyayensu ne ke kiran waya a madadinsu. Wanda bai taɓa zama awa uku yana sauraron mai ajiyar kaya a sito ba, ya rubuta a Facebook cewa shi ƙwararren mai ba da shawara ne. Na san aiki ya yi wuya, na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashin da ya isa jiya ba ya kai mutum tsakiyar wata, na kuma san ni ne na ƙarshe da ya kamata ya yi wa wani faɗan gaggawa. Duk da haka haƙurina yana ƙarewa.

Na yi niyyar rubuta wa ɗan ƙanwata shawarwari goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai haka ba. Ka zauna a wurin nan aƙalla shekara uku, ka nemi maigidanka ya riƙa tafiya da kai wurin ciniki da masu ba da aiki, domin rubuta rahoto rabin sana'ar ne, ɗaya rabin shi ne samo aikin da karɓo kuɗinsa, kuma shi ne ba ka iya ba. Wanda ya ce ka bar maigidanka zai ba ka aiki a rabin kuɗi, rahusa yake nema, kuma ranar da ya sami wanda zai yi a rubu'i zai bar ka.

Sai dai kada ka zauna yadda na zauna, baki a rufe zuciya na tafasa. Ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce. Ka tambayi maganar fansho, domin dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikaci kashi 8, ko da yake ƙananan kamfanoni da yawa ba sa yi. Ka sani kuma mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka abin da ka daidaita da bakinka shi ne naka. In ka tambaya cikin ladabi aka hana ka takarda, aka kuma hana ka koyo, to ka tafi, ko da shekara ukun ba ta cika ba. Na san wannan ya saɓa wa abin da na faɗa yanzu, amma ban ga yadda zan ce maka ka ƙare ƙuruciyarka a wurin da ba a biyanka kuma ba a koya maka ba.

In tafiyar ta zo, ka gama aikin da ke hannunka, ka yi sallama ido da ido, kada ka ɗauki fayil ko ɗaya, kada ka taɓa masu ba maigidanka aiki. In kuma wata rana ka zama mai ɗaukar ma'aikata, ka ajiye wa kowa littafin ciniki da awa biyu, ko da ɗana ne na turo maka.

Washegari da na gaya masa waɗannan, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, ai zamaninku daban, namu daban." Na ce masa ya koma wurin mai shinkafar ya nemi ya rubuta alkawarin nan a takarda, da adadin kuɗi da ranar biya, ya sa hannu, sannan ya kawo mini mu duba tare kafin ya miƙa takardar ajiye aikin. Yau kwana shida ke nan, mahaifiyarsa ta ce mini har yanzu yana zuwa ofis.