Yadda na raba bindigata da cijewa

Ina da shekara uku a jihar Texas ta Amurka na sayi bindigar farko, Ruger 10/22, ta hannu, a wani shago mai lasisi, bayan an cike takardu an binciki sunana. 'Yar ƙarama ce mai cin harsashin .22, wadda aka fara ƙerawa a 1964, kuma da irinta Amurkawa da yawa suka koyi saiti tun suna yara. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ita kuma ta ɗora wa kanta na gaba. Haka dai ya kamata. Tawa kuwa da ƙyar take harba biyar a jere ba ta cije ba, sai ka ga kwanson harsashin da aka harba ya maƙale a ƙofar fita, rabi ciki rabi waje.

Maganin da ya fara zuwa mini shi ne mai. Na ɗura mata kamar mai gyaran keken ɗinki, abin ya ƙara lalacewa. Har na fara lissafin sayen sababbin kayan ciki.

Wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi ranar Asabar shi ya tsayar da ni. Ya sa na zare gidan harsashi, na ja sakata baya, wato ƙarfen da ke kai da komo yana ɗora harsashi yana fitar da kwanso, muka leƙa muka tabbata babu komai a ciki, sannan ya dangwali cikinta da ɗan yatsa ya nuna mini: baƙi ƙirin, da danƙo kamar kwalta. Ashe wannan bindiga ba ta kulle sakatarta. Nauyin ƙarfen da sifirin ne kaɗai ke riƙe ta, ƙarfin albarushin ɗan mitsitsin harsashin nan kuma shi ke tura ta baya. Ƙarfin ba shi da yawa, abu kaɗan ke cinye shi. Ga harsashin .22 da kakin da ake shafa masa, ga toka. Na zo na haɗa su da mai, na dama kunu.

A gida na kwance noti ɗayan da ke riƙe da katakon, na ture ƙusoshi biyu na akwatin kunama, na fito da sakatar. Inda na fi daɗewa shi ne 'yar ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Ƙarƙashinta ya cushe da dauɗar da ta bushe tun zamanin mai ita na da, sai da tsinken sakace na ƙwaƙulo ta, ɓaro-ɓaro kamar ƙanzo. Na goge ramin da harsashi ke zama da buroshi, na ɗiga mai ɗigo biyu kacal inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, na share sauran da tsumma.

Ta gyaru, amma ba duka ba. Nan ne na daina canje-canje barkatai. Gidajen harsashina uku ne, masu juyawa, kowanne na cin goma, sai na rubuta musu lamba da alli, na riƙa rubuta kowace cijewa a ɗan littafi. Mako biyu gaskiya ta fito: kusan duk laifin na mai lamba 2 ne. Da na buɗe shi, man da na zuba ne ya gangara ciki ya kama ƙura. Shi gidan harsashi a bushe yake son zama.

Sai harsashi. Mai araha na cikin bokiti, wanda nake alfahari da sauƙinsa, wani ya yi ƙara wani ya yi tusa. Na koma mai saurin gudu, wajen ƙafa 1,200 a daƙiƙa, ta karɓe shi hannu biyu.

Ƙugiyar kaɗai na sake daga baya, don bakinta ya cinye. Asabar da ta wuce na harba 200, sau ɗaya ta tsaya, shi ma harsashin ne bai tashi ba.